Mai Gadin Ƙofar Mura

A ɗakin bincike Mai Ƙofa ake ce masa, kuma sunan ya bi shi har gida. Ƙofar da ake nufi ido ba ya ganinta. Wata 'yar kafa ce a fatar ƙwayar cutar mura, inda proton, ɗan mitsitsin abin nan da ke sa ruwa tsami, yake bi ya shiga. Ɗaya bayan ɗaya suke wucewa, wannan ɗigon ruwa na cikin kafar yana miƙa wa wancan, kamar masu miƙon bokiti wajen kashe gobara. Da sun taru a ciki sai ƙwayar ta tuɓe rigarta ta fara ɓarna a jikin mutum. In ka toshe kafar, ka gama da ita.

Akwai wani tsohon magani da ke toshe ta, rigimar dai ita ce ta ina. Mai Ƙofa ya ce a tsakiya yake zama kamar murfin kwalba. Malamar da ke saman bene, wadda suka yi karatu tare, ta ce daga waje yake maƙalewa. A kan wannan suka daina gaisawa. In ya ji takunta a matakala, nan take yake tuna yana da aiki a cikin firji.

Shekara da shekaru yana daskarar da 'yan ƙofofinsa yana kai wa na'ura, tana ba shi hoto dishi-dishi, har furfura ta tsiro masa. Mahaifiyarsa kuwa, da ke zaune a ɗakin kusa da kicin, ta riga ta shaida wa unguwa cewa ɗanta maganin mura yake haɗawa. Bai taɓa gyara mata ba, don maganar tana yi masa daɗi.

Ran da hoto ya fito tas, ga magani zaune daram a tsakiyar kafa, sai da ya yi 'yar rawa shi kaɗai. Ya buga shi da girma, ya manna a bangon da ke kallon matakala, wai nan ne haske ya fi kyau. Malamar ta zo wucewa ta tsaya.

"Barka," ta ce. "Kai ke da gaskiya. Wace ƙwayar ce wannan?"

"Ta cikin firji."

"Tsohuwar ke nan. Allah sarki." Ta haye abinta.

Ya san abin da take nufi. Ƙwayar da ke yawo a gari ta daɗe da sauya bulo ɗaya a ginin kafar, maganin ya daina kama ta. Kowa ya sani, har shi. Amma musu ne aka fara a kan tsohuwar ƙwayar, a kanta kuma ya rantse sai ya ci.

Da ya koma gida da hoton naɗe a hammata, matarsa ta tare shi a bakin ƙofa ta ce jikin Inna ya yi zafi tun hantsi. Ya iske ta dunƙule cikin bargo, tari yana girgiza ta. Tsoro ya kama shi.

"Yauwa, ga mai maganin," ta ce da ƙyar. "An ce ka gama. Miƙo in sha."

"Inna, ba haɗa shi nake yi ba. Inda yake zama na gano."

"To miƙo shi, ya zauna."

Ya warware hoton a kan gado, ya yi bayanin kafa da murfi da bulo, muryarsa tana ƙara yin ƙasa. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta kalle shi.

"Ashe gidan da aka tashi kake gadi."

Kunya ta rufe shi. Ya naɗe hotonsa, ya ɗauko mukullin mota. A asibiti likita ya rubuta wani magani dabam, wanda ba ruwansa da kafa balle murfi. Kafin sati ya zagayo Inna ta zauna tana faɗan an cika wa shayi sukari.

Maƙwabta suka cika falo suna barka da arziki. Wata ta tambayi abin da ta sha ta miƙe da wuri haka. Mai Ƙofa yana tsaye da tire a hannu.

Inna ta gyara mayafi, ko inda yake ba ta kalla ba.

"Wace irin tambaya ce wannan?" ta ce. "Ina da mai maganin mura a gida, na ɗana na sha."

Aka yi ta sa masa albarka. Shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana miƙa kofi, yana cewa amin.