Koren Ruwan Nazifa

Duk Argungu babu wanda ya kai Malam Labbo yarda da ruwan gulbi. Shi shinkafarsa ke sha, shi shanunsa ke sha, don haka bai ga dalilin da zai sa tsohuwar a-kori-kurarsa ta fi su gata ba. Kowace safiya sai ya buɗe lagireto ya ɗura mata buta biyu, har da 'yar laka.

Ɗiyarsa Nazifa, mai karatun injiniya a Birnin Kebbi, ta yi magana har bakinta ya gaji. Ta ce ruwan nan yana cin ƙarfe ta ciki, tsatsa ta taru ta toshe hanya, inji ya ɗau zafi. Da ta ga abin ya ƙi, sai ta sayo masa galan guda na koren ruwan lagireto. Labbo ya karɓa hannu biyu, ya yi ta sa albarka.

Ranar bikin yaye su Nazifa ta zo. Ƙarfe goma za a kira sunaye, kuma shekara biyar ke nan Labbo yana jiran ya ji nata da kunnensa. Ya sha babbar riga, matarsa Laure ta rungumo kular tuwon shinkafa, suka kama hanya.

Ba su ci rabin tafiya ba mota ta fara huci, tururi ya turnuƙe. Lagireto ya huje, ga ruwa nan jawur yana tsiyaya kamar an wanke tsohon kwanon rufi.

"Baban Nazifa," in ji Laure, "ina koren ruwan da yarinyag ga tas sawo maka?"

Labbo ya dubi sama. "Shina nan."

A bayan motar albasa daga Augie suka ƙarasa. Suka isa suna warin albasa, ana kwashe kujeru. Ran Labbo ya ɓaci ƙwarai, ya kasa ɗaga kai.

Nazifa ta hango su, ta rugo da rigar bikinta. "Baba, mota ta lalace?"

"Awo."

"Ba ka zuba ba ke nan."

"Shina cikin akwatina, wurin takardun gona," ya ce a hankali. "Shi na abu na hwarko da kis sawo min. Ƙaƙa zan ba inji shi shanye?"

Nazifa ta yi dariya har da hawaye, kuma ba duka na dariya ba ne. Ta jawo kujera ɗaya ta zaunar da shi. Sannan ta hau dandamalin da kowa ya watse, ta gyara murya, ta kira da ƙarfi: "Nazifa Labbo Argungu!"

Laure ta rangaɗa guɗa. Labbo ya miƙe yana tafi shi kaɗai, ya ƙi dainawa.