Ruwan Wankan Nana

Lantana ta tsoma hannu cikin baho har wuyan hannu, ta juya ruwan, ta ce ya yi daidai. Ta miƙa hannu za ta karɓi jaririyar daga cinyar Hanatu.

Hanatu ba ta saki ba. Tururin da ke tashi take kallo. Ta sa kan yatsa ɗaya a ruwan, ta fizge da sauri tana yarfewa.

"Innalillahi! Lantana, dafa ta za ki yi?"

"Na sirka shi fa."

"Dubi hannunki!"

Lantana ta duba. Fatar ta yi jawur, bayan yatsun har ya fara tashi. Ta tsaya tana kallonsa kamar hannun wata. Ko ɗis ba ta ji ba.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da Huseina, 'yar Lantana ɗaya da ta rage mata, ta rasu wajen haihuwa a nan gidansu na Kekun Waje, ta bar Nana. Hanatu ita ce uwar Sabiru, mijin marigayiyar. Wannan zuwanta na biyu ne daga Kucheri a kan magana ɗaya: matar wan Sabiru tana goyo, tana da nono, a ba su yarinyar. Lantana ta ƙi. Ta ce nonon akuya ya raya waɗanda suka fi Nana ƙanƙanta.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba, tun ranar da aka fita da gawar bakinta ya mutu. Tuwo kamar auduga, gishiri kamar yashi. Shekaranjiya ta taka garwashi, sai ƙauri ta ji. Ta yi shiru, domin ta san sunan da mutane ke ba fatar da ba ta ji.

Hanatu ta ɗauki ƙoƙon nonon da ke gefen tabarma, ta kurɓa, ta tofar.

"Wanga kika ba ta da safe?"

"Na ɗanɗana kafin in ba ta."

"Kin ɗanɗana? Ya yi tsami, Lantana. Tun yaushe?"

Lantana ta dubi ƙoƙon. Ta tuna yadda Nana ta yi ta amai jiya, ita kuma tana cewa iska ce.

Sabiru, wanda ya rako uwarsa, shi ne ya samo musu motar zuwa asibiti a bakin hanya, bayan doguwar jira, don lokacin ana wahalar mai. Hanatu ta goya Nana. Lantana ta zauna a gefen taga da hannunta naɗe cikin gyale. A haka suka shiga Gusau.

A asibiti aka duba Nana, aka ce ba ta da komai sai yunwa. Sannan wani dattijon malamin asibiti, Malam Jatau, ya wanke hannun Lantana ya ɗaure. Ya duba bayanta da ƙafafunta a gaban Hanatu. Ya ce ta rufe ido, ya riƙa taɓa ta da auduga, sannan da tsinin allura.

"Inna, ina na taɓa?"

"Ka fara ne?"

Ya zuba mata sukari a harshe, ya zuba gishiri. Duk ɗaya.

"Malam, faɗa mini gaskiya," in ji Lantana. "Kuturta ce?"

"Ban ga alamarta ba. Babu tabo ko ɗaya a jikinki, kuma ita ba ta kama mutum gaba ɗaya rana guda."

"To mi ne ne?"

"Wallahi ban sani ba. Na taɓa ganin irinsa, ya zo ya tafi da kansa. Ki dawo bayan mako biyu. Kafin nan ki yi nesa da wuta."

"In bai tafi ba fa?"

Malam Jatau ya rufe kwalbar maganinsa.

A tasha motar Tsafe mai bi ta Kucheri na gefe ɗaya, ta Bungudu mai bi ta Kekun Waje na ɗaya gefen. Suka tsaya a tsakani. Sabiru ya sunkuyar da kai.

"Inna, ni ba ni da ta cewa. Yadda kika ce haka za a yi."

Hanatu ta fara kwance goyon. "Karɓi abarki. Sai in bi ki in zauna kwana biyu, in riƙa taɓa miki ruwa."

"Kwana biyu, sannan fa?" Lantana ta girgiza kai. "Ɗaure ta, Hanatu. Da ba ki zo yau ba, da yanzu kabari biyu gare ni. Ku tafi da ita. Ba ta son a kwantar da ita ta hagu."

Hanatu da Sabiru suka shiga mota. Hanatu ta sauko da Nana kan cinya, kusa da taga. Lantana ta zura lafiyayyen hannunta don ta gyara mata hula, sai yarinyar ta kama ɗan yatsanta ta kai baki.

Ɗumi. Danshi. Dadashi yana matsa mata yatsa.

Lantana ta daskare. Kafin ta gama gane abin da ta ji, ɗaya hannun ya ɗauki zugi kamar yanzu aka tsoma shi a tukunya. Gumi ya gangaro mata baki, ta ji gishirinsa.

"Lafiya?" in ji Hanatu. "Kin canza fuska."

Direba ya tada mota. Kalma ɗaya ta isa a sauko mata da yarinyar. Lantana ta dubi bakin da ke tsotsar yatsanta da ƙarfi, yana neman abin da babu a ciki.

"Lafiya lau," ta ce. "Ku gaida mai nonon."

Ta zare yatsan a hankali. Motar ta fita, ita kuma ta zauna a kan benci tana hura hannunta.