Awa Goma Sha Uku a Kujerar Tsakiya

Shekara tara Auta bai taka gida ba. Duk sa'ad da Inna ta yi masa maganar zuwa, sai ya karanto mata nisan kamar mai ba da hadda: kilomita dubu goma sha ɗaya da ɗoriya, awa goma sha uku a sama, ban da zaman jiran jirgi na biyu. Ko rasuwar mahaifinsa a waya ya yi kukanta.

Da matarsa ta haihu, hutun aikinta ya zo ƙarshe, sai ga tikiti. Inna ta rufe shagon ɗinkinta, ta mai da wa mutane yadinsu, ta bi maƙwabta tana sallama, tana cewa za ta je ta ga sabon angonta.

A jirgi kujerar tsakiya ta samu, tsakanin wasu ƙarti biyu masu minshari. Kunya ta hana ta tashe su, don haka ko ruwa ba ta sha ba, gudun fitsari. Da aka sauka, ƙafarta ta hagu ta yi suntum, takalmi ya ƙi shiga.

Auta ya rungume ta da hannu ɗaya, idonsa a kan ƙafar. Gidan a hawa na huɗu yake, kuma matakala ce kawai. Kafin su kai sama ta zauna sau uku. Surukar ta gaishe ta da ladabi, amma da Inna ta miƙa hannu za ta karɓi jinjirin, sai ta ja da baya, wai kar a faɗi da shi.

Washegari suka je asibiti. Inna ba ta jin yaren likitan, amma ta ga ya danna ƙwaurinta, ya kwaikwayi tashin jirgi da tafin hannu, ya girgiza kai har sau biyu. Ta tambayi Auta me aka ce. Ya ce gajiya ce kawai.

Da rana ta jiyo su a kicin, surukar tana cewa mai reno suka nema, ba wadda za a rena ba.

Kwana uku da zuwanta, Auta ya ajiye mata takardar tikitin komawa a kan cinya.

“Ɗan nan, likita bai hana ba?”

“Haba Inna, awa sha uku ne fa. Ki yi barci, kina farkawa kin isa.”

A bakin filin jirgi ya sauke ta, bai kashe mota ba, wai ba a barin tsayawa a wurin. Wata ma'aikaciya mai jin yarensu ta ɗora ta a keken marasa lafiya, tana tura ta tana tambaya ko jikan ya saba da ita.

“Ya saba,” in ji Inna. “Da ƙyar aka ɓamɓare shi daga bayana.”

Ta duba takardar da ke hannunta. Kujerar tsakiya ce.