Tsatsar Tsohon Bututu

"Sake karanto min wancan layin, Farfesa," in ji mai gyaran famfo daga ƙarƙashin wurin wanke kwanuka. Ƙafafunsa kawai ake gani, sai tumbi.

Tsohon malamin makarantar ya gyara tabarau, ya ɗaga takardar asibitin. Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakaninsu. Shi yana kiran maƙwabcin nasa Injiniya, wancan yana kiransa Farfesa, kuma babu wanda ya taɓa nufin yabo.

"Asibiti suka ce za a zura siririn bututu ta jijiyar hannunka har bakin zuciya, a tura wani ruwa, a ɗauki hoto, a ga inda hanyar jini ta toshe. Minti talatin an gama."

"Ba wannan ba. Na ƙasan nan, mai ƙananan rubutu."

"Mutum ɗaya cikin dubu yana iya samun shanyewar jiki, in wani ɓarɓashi ya ɓalle daga jijiya ya tafi ƙwaƙwalwa."

Injiniya ya jawo jiki ya fito yana haki, hannu dafe da ƙirji. "Ka ji ko? Shekara arba'in ina zura waya cikin tsofaffin bututai. Ka buɗe na ƙasa, tsatsar ta haura ta toshe famfon sama. Ni kuwa tsohon bututu ne."

"Ɗaya cikin dubu na ce. Ka san dubu kuwa? Ko lissafinka a inci ya tsaya?"

"Shi ɗayan ma ai ɗan wani ne."

Shekara shida da suka wuce matar Malam ta faɗi tana shanya, da ciwon ƙirjin da kowa ya ce gajiya ce, har da shi. Ba wanda ya leƙa zuciyarta. Tun daga nan ya haɗiye duk littafin da ya ambaci zuciya, ilimin da ya zo bayan an rufe kabari. Bai faɗi wannan ba. Sai ya ce, "Tsoro ne kawai, ka sa masa rigar sana'a."

Injiniya ya dube shi jim kaɗan, ya yi dariya, ya karɓi biro ya sa hannu a takardar. "To, na bi mai ilimi. Famfon nan roba yake so, na ɗaure shi da tsumma, in na dawo jibi zan ƙarasa. Kar ka taɓa min sifana, hannunka na alli ne."

Washegari a asibiti, minti talatin ta zama awa uku. Malam da matar Injiniya suna kan benci ɗaya, ita tana rungume da takalman mijinta a leda. Da likita ya fito sai da ya cire hularsa kafin ya yi magana. Bayaninsa daidai yake da na littafi, babu ragi: ɓarɓashi ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa.

"Zuciyar fa?" Malam ya tambaya.

"Toshewar kaɗan ce, Baba. Ƙwayoyi ma za su isa."

Kwana tara ya yi. Mutumin da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ga shi baki a karkace, hannun dama, hannun sifana, yashe a gefe kamar na aro. Kullum Malam yakan zo da jarida, ya karanta, ya yaba wa duk ɗan siyasar da ya san Injiniya ya tsana, ko zai tanka. Bai tanka ba. Idonsa yana kan ledar ƙarin ruwa, yana bin ɗigon da kallo irin na mai neman inda matsalar take. Da hantsin rana ta tara ya cika.

Bayan an watse daga zaman makoki da mako guda matar ta tsaya a ƙofar Malam, takardar a hannunta.

"Malam, ni ban iya karatu ba. 'Yan'uwansa suna cewa an ɓoye masa. Akwai wannan abin a ciki?"

Malam yana da amsoshi da dama, dukkansu masu kyau. Ya bar su.

"Akwai. Na karanta masa sau biyu. Ya gane, ya ma fi ni ganewa. Ni na ce masa matsoraci."

Ta naɗe takardar a hankali. "Ya gaya min. Daren nan da ya shigo cewa ya yi, 'Farfesa bai samu ya kai matarsa ba. Bari ya kai ni, ko ya huta.'"

Malam ya cire tabarau ya goge, alhali ba su da datti.

"Sifanarsa tana wajena," ya ce.

"Bar ta tukuna, Malam."

Da ta tafi ya shiga kicin. Tsumman ya jiƙe sharkaf, ruwa yana ɗiga daga ƙullin da Injiniya ya yi. Sifanar tana nan inda aka ajiye ta, baki a buɗe daidai da girman notin. Malam ya sunkuya ya tura kwano ƙarƙashin ɗigon, ya jawo kujera ya zauna.