Tsayin Kujera

Tsuneo Kuramochi ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya a tsakiyar ɗakin sayar da motoci, yana leƙen birki mai jan fenti ta tsakanin ƙarafan taya. Mai sayarwa yana tsaye a bayansa, hannuwa a haɗe, yana jira.

Motoci biyu ne a gabansa. Ta hagu fara ce, doguwa, mai ƙofar da ake zugewa gefe, mutum zai shige ta kusan a tsaye. Ta dama shuɗiya ce, cikinta dab da ƙasa, amma ƙofofinta huɗu ne, bayanta kuma zai ɗauke cefanen mako har da keken yarinya. Mai sayarwa ya ce wannan ita ake kira motar mai iyali wanda jininsa bai huce ba: ta kai yara makaranta ranar Litinin, ta shiga filin tsere ranar Lahadi.

Mota ɗaya za su saya, domin wurin mota ɗaya ne a ƙofar gidansu. Da bazara mahaifinsa, Iwao, ya goge katangar maƙwabci da ƙaramar motarsa ta kaya, washegari ya sa rigarsa ta fita, ya je ofishin 'yan sanda da ƙafarsa ya mayar da lasin tuƙi. Tun daga nan kai shi asibitin gashin ƙashi ya dawo wuyan Tsuneo da matarsa Fumie. Ita ce ta ce masa, tana wanke shinkafa, “Kai ka san mota, Baban Nanase. Ni abu ɗaya nake so. Baba ya iya shiga, ya iya fita.”

Tsuneo ya haura arba'in yana aiki a masana'antar kwali. Filin tseren da ke bayan tsaunin garinsu, tun yana ɗan makaranta yake jin kukan motocinsa idan iska ta juyo, bai taɓa taka kwaltarsa ba. Abokinsa Hayasaka yana zuwa duk ƙarshen wata, ya dawo yana ba da labarin kwana-kwana da hannuwa biyu.

Mai sayarwa ya sunkuya kaɗan ya ce tun da akwai dattijo a gidan, da za a kawo shi ya gwada zama, da ya fi. Wace rana ce ta dace?

“Talata,” in ji Tsuneo.

Talata ce ranar asibitin Baba. Bai manta ba.

Ranar Talatar shi kaɗai ya je. Da ya sa hannu a kan takardun shuɗiyar, ya koma gida ya jera wa Fumie halayenta. Ƙofa huɗu, kujera biyar, but mai faɗi, birkin da zai tsaya ko kyanwa ce ta gifta. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ya yi ta juya wannan a ransa kwana da kwanaki, yana mamakin yadda mutum zai tara gaskiya zalla ya gina abin da ba gaskiya ba.

Ranar da motar ta iso, suka shirya kai ta wurin bauta na kan tudu a tsarkake ta, kamar yadda aka yi wa kowace motar da ta taɓa kwana a gidan. Shiga ba ta ba da wahala ba. Iwao ya juya baya, ya saki jiki, ya faɗa kujerar gaba da ƙarar da ta sa jikarsa Nanase dariya, shi ma ya yi dariya. A kan gada, kowane mahaɗin kwalta sai da ya hau ta ƙashin bayansa. Tsohon ya riƙe sandarsa tsakanin gwiwoyi.

Ranar sa'a ce a kalanda, don haka layi ya yi tsawo. Motoci uku a gabansu, biyar ko shida a baya, duk sababbi, kowace da iyalinta cikin tufafin fita. Da layi ya zo kansu, Tsuneo ya shigar da motar cikin filin da aka kewaye da igiya. Ya buɗe ƙofofin duka, ya ɗaga bonet, ya ɗaga but. Malamin wurin ya fito cikin fararen kaya, riƙe da sanda mai tufkar farar takarda, ya tsaya yana jiran iyali su jeru a gaban mota su sunkuyar da kai.

Fumie ta fito. Nanase ta fito. Iwao ya fitar da ƙafar hagu, ya dafa sanda, ya yunƙura.

Kujerar tana da leɓe mai tudu a kowane gefe, wanda aka yi don ya riƙe cinyar direba a kwana. Ya riƙe cinyar tsohon. Gwiwoyinsa sun fi ƙugunsa tsawo, babu inda zai samo ƙarfin tashi. Ya sake yunƙurawa, ya ɗago kamar faɗin tafin hannu, ya koma. A karo na uku sandar ta zame a kan tsakuwa.

Babu wanda ya kalle su. Mutanen da ke layi duk suka sami abin kallo a kan bishiyoyi, wata mata ta juya kan ɗanta zuwa wani gefe. Malamin ya zuba wa ƙasa ido. Tsuneo ya ji da ma wani ya yi dariya.

Ya zagayo, ya sa hannuwa ƙarƙashin hammatar mahaifinsa, ya ɗaga. Bai san tsohon ya yi rashin nauyi haka ba. Yana jawo shi, takalmi ɗaya ya maƙale a bakin ƙofa ya cire, safa mai faci a dunduniya ta bayyana. Fumie ta durƙusa a kan tsakuwa da siket ɗinta mai kyau ta mayar masa da shi.

Iwao ya gyara kwalar rigarsa. Ya sunkuya wa malamin. Sannan ya juya, a hankali, ya sunkuya wa motocin da ke baya.

“A yi mini afuwa, na ɓata muku lokaci,” ya ce. “Ƙafafuna ne.”

Malamin ya karanta abin da zai karanta, ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya yana kaɗa takardar, ya daɗe a ƙofar gaba ta hagu, ko kuwa Tsuneo ne ya ga kamar ya daɗe. Aka ba su layar kariya mai jan zare. Nanase ta rataye ta a madubi.

Fumie ba ta yi faɗa ba. Da yamma, tana yanka kabeji, ta tambaye shi ba tare da ta juyo ba, ranar da ya je gwajin mota, wace rana ce.

“Talata.”

“To,” ta ce. Wuƙar ta ci gaba.

A cikin makon ta ɗinka matashi mai kauri daga tsohon bargo, ta ɗora a kujerar gaba. Ya rage wahalar, amma bai kawar da ita ba. A ƙofar asibiti har yanzu sai an kama tsohon an ɗago.

Tsuneo ya ce mata zai sayar da motar ya sayi farar. Ta ce ba ita zai faɗa wa ba. Ya sami mahaifinsa a baranda yana yanke farce a kan jarida, ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya faɗa.

Iwao bai ɗago ba. Ya ce motar da aka tsarkake makon jiya, a gaban rabin gari, ita za a mayar? Mutane za su tambayi dalili, kuma dalilin yana zaune a nan yana yanke farce. Ya riga ya ba su katangar maƙwabci su yi hira da ita, ya isa.

“Kuma mota ce mai kyau,” ya ƙara. “Na ji yadda take riƙe hanya. Da ina da shekarunka, da ni ma ita zan ɗauka.”

“Baba, ba don iyali na…”

“Miƙo mini tsintsiya.”

Haka aka rufe masa ƙofofin biyu. In ya sayar, ya shaida wa gari cewa mahaifinsa ya zama kaya. In ya riƙe, zai riƙa ɗaga shi a bainar jama'a kowace Talata. Kuma can ƙarƙashin wannan duka akwai wani abu da ya fi ƙin dubawa: da tsohon ya ce kada a sayar, ya ji sanyi a ransa.

Hayasaka ya yi masa rajista a filin tsere ranar Lahadin ƙarshen wata. Tsuneo ya tashi da sassafe, ya ɗauki hular kwano da safar hannu, yana tafiya a kan yatsu. Zai wuce ta ɗakin girki ya ji numfashi daga filin da ke bayan gidan. Ya leƙa ta tagar.

Iwao ne a kan wata tsohuwar kujerar katako da aka yanke wa ƙafafu. Garin katako yana nan a ƙasa, zarto a jingine da tukunyar fure. A gefen kujerar an buga guntun itace da ƙusa, an naɗe shi da tawul, ya yi tudu kamar leɓen kujerar mota. Tsohon ya ɗora sandarsa a jikin kujerar ya duba wata tsaga da ya yi mata da wuƙa a daidai tsayin kujerar mota, ya ga ta yi daidai da wurin zama. Ya juya ƙugu, ya tsallakar da cinya kan tawul, ya dafa, ya yunƙura. Ya koma. Ya huta, ya goge baki da bayan hannu. Ya sake.

Tsuneo ya tsaya har ƙafarsa ta yi sanyi a kan katako. Sannan ya fita ta ƙofar gaba. Ya bar motar ta gangara zuwa bakin titi kafin ya tayar da injin.

A filin, dokar farko ita ce a fitar da duk abin da zai iya motsi a cikin mota. Kowa ya shimfiɗa leda a bayan motarsa yana jibge kaya. Tsuneo ya fitar da tabarmin ƙafa, da laimar Nanase, da jakar cefane. Ya kwance layar daga madubi. Ya ɗauko matashin.

“Kai, Kuramochi, barci ka zo yi?” in ji Hayasaka, yana buga masa kafaɗa. “Ku zo ku ga mutumin da ya taho tsere da filo. Ina bargon?”

“Na Baba ne.”

“Gaishe shi. Ka ce masa ɗansa ya girma, yau zai san abin da ya saya.”

Raɓa ta jiƙa ledar, sai Tsuneo ya ɗora matashin a kan katangar siminti.

Ya so a ce abin bai yi daɗi ba. Ya so motar ta ba shi kunya, ko tsoro ya kama shi, ya dawo gida ya ce aikin banza ne. Amma da ya fito daga kwana ta ƙarshe ya taka totur har ƙasa, injin ya buɗe murya, kujerar ta rungume shi ta kowane gefe, leɓen nan ya riƙe cinyarsa daidai inda ya kamata. Ya ji kansa yana ihu a cikin hular kwano. Tsawon wannan safiyar ba shi da uba, ba shi da mata, ba shi da Talata. Da aka kaɗa tutar tsayawa, yana ta dariya har da ƙwalla. Ya kwashe kayan da ke kan leda ya watsa a but, yana ba Hayasaka labarin kwana da hannuwa biyu.

Da la'asar ya iso gida. Ƙurar birki ta baƙanta ƙarafan taya, motar tana ƙanshin roba mai zafi. Iwao yana tsaye a bakin ƙofa da sandarsa, ya sa takalman fita.

“Ta yi gudu?”

“Ta yi, Baba.”

“Madalla. Buɗe mini nan.” Ya ɗaga murya kaɗan zuwa cikin gida. “Fumie, zo ki ga wani abu.”

Ta fito tana goge hannu. Tsohon ya juya baya ya faɗa kujerar, ya gyara zama, ya ɗaga yatsa ɗaya.

“Kada wanda ya taɓa ni.”

Ya juya ƙugu. Ya tsallakar da cinya. Ya dafa sanda ya yunƙura, ya ɗago, ya ɗago, jijiyoyin wuyansa suka fito. Ya koma. A lokacin ne Tsuneo ya ga baƙar fatar kujerar a ƙarƙashin mahaifinsa, ya tuna matashin da ya baro a kan katangar siminti.

“Da safe na iya,” in ji Iwao, yana haki. “Har sau uku.”

Ya sake gwadawa, bai kai na farko ba. Ya koma ya zauna. Sannan ya shafa wurin zaman da tafin hannu, ya sauke sandarsa ya tsayar da ita a jikin kujerar. Tsagar ta tsaya a saman wurin zaman, tazarar yatsu huɗu.

Fumie ta dubi kujerar, ta dubi madubin da babu laya, ta dubi mijinta. Tsuneo ya buɗe baki.

Tsohon bai ɗago ba. Ya daɗe yana kallon tsagar, yana shafa ta da babban yatsa.

“Ashe ban auna daidai ba,” ya ce. “Tashe ni, Tsuneo. Ina na ajiye zarton nan?”