Hoton Mma a Kogin Harlem

"Ba zan sa su a ruwan nan ba, Bra Yaw."

Zuweira ta faɗi haka tana damƙe da makullin rumfar da ake ajiye kayak, ƙananan kwale-kwalen roba da take koya wa mutane tuƙawa. Yaw, manajan ƙungiyar da take yi wa aiki, ya saci kallon Turawan da ke tsaye a bakin gaɓa da kofunan kofi. Mutanen kamfanin da zai gina dogon bene a gefen kogin ne, kuma su suka sayi kwale-kwalen. Ya koma Hausar da ya koya a zangon Kumasi don kada su ji.

"Zuwei, kada ki kunyata ni. Mai hoto ya zo. Iyayenki mata sun zo."

"Kwana aka yi ana ruwa. Kai ma ka san inda ƙazantar bahayan unguwar nan take malala idan kwata ta cika. Je ka leƙa bakin bututun can."

Ba sai ya je ba. Kogin ya yi launin shayi mai madara, tsummokaran takarda suna yawo a kansa, ga wari yana tasowa duk sanda iska ta juyo.

"Ai ba iyo za su yi ba. Su zauna, a ɗauki hoto, su fito."

"Ba ka san su ba. Ran da na kawo Mma ta ga wurin, kafin in juya ta ɗebi ruwa ta kuskure baki. A wurinsu duk ruwan da ke gudu mai tsarki ne."

A unguwar Morris Heights aka haifi Zuweira. Ta girma tana hangen kogin nan ta tagar kicin, babbar hanyar mota da layin dogo sun shiga tsakaninsu, ba ta taɓa sa hannu a ciki ba sai da ta shiga jami'a. Tun farkon bazara take bin gidajen suna da ƙofar masallaci tana lallashin matan unguwa, tana ce musu kogin nan nasu ne. Sun yi mata dariya, sun ce aljanu, sun ce sanyin ƙafa. Ta jure. Yau ga su sun zo, kowacce ta bar tsohuwar da take jinya ko shagon da take tsaro, sun ɗaura rigunan hana nutsewa a kan atamfa.

Mahaifiyarta, Hajiya Adjara, ta tako daga cikinsu.

"Mene ne kuma?"

"Mma, ruwan ba kyau yau. Mu ɗaga zuwa mako mai zuwa."

"Ni za ki koya wa ruwa? A Yeji aka yanke mini cibiya, a bakin kogin Volta. Da ruwan kogi aka yi mini wankan jego na yayanki."

"Wannan ba Volta ba ne, Mma. Kashin mutane ne a ciki."

Ta faɗa da ƙarfi fiye da yadda ta so. Sai Hajiya Sherifa, aminiyar mahaifiyarta, ta tafa hannu.

"Oho! Wato mu ne ƙazamai da ba mu san kashi ba. Adjara, wannan digirin da kika yi ta wanke tsofaffin Turawa kika biya, ga ribarsa nan."

Aka kwashe da dariya. Fuskar Hajiya Adjara ta ɗaure.

"Ba shi makullin."

"Ba zan bayar ba."

"Ni na ce ki ba shi."

"Na ji, Mma. Ba zan bayar ba."

Marin mahaifiyarta ya sauka a gaban kowa. Ɗaya daga cikin Turawan ya mai da ido kan wayarsa. Yaw ya zo a hankali ya ɓamɓare yatsun Zuweira ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa makullin ga Kassim, abokin aikinta, wanda ita ta koya wa riƙe filafilin tuƙi. Kassim ya karɓa bai dube ta ba.

"Cire rigar ƙungiya ki ajiye," in ji Yaw. "Kada ki zo Litinin."

Ta cire, ta ninke ta da kyau, ta ajiye. Ba ta tafi ba. Ta tsaya a bayan shingen waya, kuncinta yana zafi, tana kallon yadda ake tura su cikin ruwa biyu-biyu, suna ihu suna salati suna dariya. Abin da ta yi ta mafarkin gani ke nan. Can tsakiyar kogi mahaifiyarta ta ajiye filafili, ta dubi wajen shingen, ta cika tafukanta da ruwa, ta wanke fuska, ta kuskure baki. Mai hoto ya durƙusa yana ta ɗauka.

Ba wanda ya mutu. Hajiya Adjara ta yi kwanaki tana amai da gudawa, idanunta sun kumbura. Zuweira ce ta yi ta kai bokiti tana wanke zannuwa. Matan da suka zo dubiya suka ce bakin yarinyar ne ya kama uwarta, uwar kuma ba ta musa ba.

Da kaka ta shigo, kamfanin ya kafa allon talla a jikin shingen gininsa. Fuskar Mma ce, babba kamar ƙofar gareji, ruwa yana zuba daga tafukanta yana ƙyalli, an gyara launinsa ya koma shuɗi. Kullum Zuweira takan wuce ta ƙarƙashinsa a bas, a hanyarta ta zuwa kantin magani inda take jera kaya yanzu. Ba ta kawar da kai.

Ta rasa aikin, ta rasa kogin, kuma tun ranar mahaifiyarta ba ta sake kiran sunanta ba. "Ke" take ce mata.