Barcin Baba

Kwana shida ke nan Baba yana kwance a asibiti, a gado na huɗu, kusa da taga. Likita ta ce ƙwayar cutar bairos ce ta hau masa ƙwaƙwalwa har ta kumbura. Mutumin da ya shekara talatin yana gyaran agogo, yau cokali ma ya gagare shi riƙewa.

Duk bayan awa biyu nas takan tashe shi, ta haska masa ido da 'yar tocila, ta tambaye shi sunansa, ta rubuta a takardar gindin gado. Shekaranjiya har tsiya ya yi mata: "Yarinya, agogonki na latti da minti uku." Jiya da ƙyar ya amsa. Yau sai da ta matse masa farce kafin ya motsa.

Auta tana kan kujerar roba, ta rungume jakarta. A gida Likitar Littafi ake ce mata, don ko takardar cikin kwalin magani ba ta bari sai ta karance. A jakar akwai kwalbar melatonin, ƙwayar nan da ake sha don barci. Ta karanta a waya cewa an gwada ta a kan ɓeraye masu irin wannan ciwo, kumburin ya ragu. Shi ne ta sayo, tana murƙushewa a shayin Baba safe, rana da yamma. Kwana biyu ke nan, ba wanda ta gaya wa.

Likita ta zo zagaye, ta daɗe tana duba takardar, sannan ta juya ga Mama.

"Mama, barcin nan bai yi mini ba. Zazzaɓi ya sauka, amma shi sai ƙara nutsewa yake. Ina tsoron kumburin ne ke ƙaruwa. Za mu kai shi ɗakin masu tsananin ciwo, wataƙila har a sa masa bututun numfashi."

Mama ta dafe ƙarfen gado. Yaya, babban ɗan Baba, ya harari Auta.

"Likitar Littafi, yau babu lacca?"

Auta ta zuge jakar, ta miƙa wa likita kwalbar.

"Ni... ni nake ba shi. A shayi."

"Sau nawa?"

"Uku a rana. Na karanta cewa ɓeraye..."

"Ɓeraye!" Yaya ya daka mata tsawa. "Uban namu kika mayar ɓera?"

"Malam, sauke murya, akwai marasa lafiya," in ji likita. Ta dubi Auta. "Na san binciken. Ana sa rai da shi, amma ba a tabbatar a jikin mutum ba. Ƙanwata, da farkawarsa muke gane ko yana samun sauƙi. Yanzu ban san wanne nake gani ba, ciwon ko ƙwayarki. Yaushe kika ba shi ta ƙarshe?"

"Ƙarfe bakwai na safe."

"Za a ɗauki hoton kansa yanzu, nas kuma ta riƙa duba shi duk rabin awa. In ƙwayar ce, zuwa ƙarfe huɗu ya kamata ya warware."

Ta saka kwalbar a aljihu ta wuce.

Mama ta kau da kai. Auta ta zuba wa agogon Baba da ke kan durowa ido. Tunda take ba ta taɓa roƙon Allah ya sa laifinta ne ba sai yau.

Huɗu saura kwata nas ta haska masa ido. Baba ya yamutsa fuska, ya ture mata hannu. Ta tambaye shi sunansa, ya faɗa. Ta tambaye shi inda yake, ya ce shago. Nas ta rubuta, ta ce an ɗan samu ci gaba, amma da saura.

Idonsa ya zagaya har ya tsaya kan Auta.

"Auta... shayi."

Ta miƙe da sauri ta ɗauki fulas. Mama ta karɓe daga hannunta ba tare da ta kalle ta ba.

"Zauna. Ni zan haɗa."